Daga Kuɗin Laraba Zuwa Kuɗin WAEC: Tarihin Hannun Iyaye a Karatun 'Ya'yanmu



Duk shekara idan sakamakon WAEC da NECO ya fito, zance ɗaya ake yi a majalisu da gidajen suna: ɗan wane ya ci, 'yar wance ta faɗi, malamai ba sa shiga aji, gwamnati ta yi watsi da makarantu. Akwai gaskiya a ciki, ba a musu. Amma akwai ɓangaren da ba mu cika taɓawa ba, wato namu hannun, mu iyaye. Me ya sa uban da ya san surar da ɗansa yake a makarantar allo, idan ka tambaye shi ajin da yaron yake a sakandare sai ya ce bari a kira uwarsa? Wannan hali ba daga sama ya faɗo ba, yana da tarihi. Hausawa suka ce waiwaye adon tafiya, to bari mu ɗan waiwaya.

Yadda kakanni suka zo

Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wajen shekarar 1809, ya zauna a Gurin da Ribadu, kafin ya kafa Yola a 1841. Ya rasu a 1847, ɗansa Lamiɗo Lawal ya gaje shi. A zamanin Lawal ne Bature matafiyi Heinrich Barth ya iso Yola a 1851, bai yi kwanaki da yawa ba aka sallame shi. Ƙasar Fombina a lokacin ƙasar arziki ce, kuma fataken Hausa daga Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato su ne suka riƙe babban kasonta na ciniki. Suna kawo riguna da baƙin turkuɗi da kayan fata, su koma da hauren giwa, kuma, gaskiya ɗaya ce, har da bayi. Wasu sun wuce Garwa da Gaundare da Tibati da Banyo, waɗanda yanzu suke cikin Kamaru. Wasu suka yada zango, zango ya zama gida.

Da kamfanin Turawa na Neja ya fara ciniki a bakin Binuwai, sannan sojan Ingila suka ci Yola a watan Satumba na 1901 Lamiɗo Zubairu ya fita, sai Jimeta ta tashi a matsayin garin jirgin ruwa da kanti da bariki. Nan ma Hausawa suka cika. Ku dubi sunayen unguwanni kawai: Limawa, Alƙalawa, Gwadabawa, Yelwa, ga su kafaɗa da kafaɗa da Luggere da Rumde. Sunan unguwa ba ya ƙarya game da wanda ya fara kafa bukka.

Waɗannan mutane ba jahilai ba ne. Ayarin fatake ba ya tashi babu malami, zango kuma ba ya cika zango sai da masallaci da makarantar allo. Yola kanta gari ne na malamai. Modibbo Raji, almajirin Abdullahin Gwandu, ya baro ƙasar Gwandu ya zo ya zauna a nan a zamanin Lamiɗo Lawal, ɗalibai suka yi ta zuwa ɗaukar karatu.

To, a wannan tsari dubi inda iyaye suke. Uba da kansa yake riƙo hannun yaro ya kai wa malam. Duk Laraba uwa ta ƙulla kuɗin Laraba ta ba yaro. Idan ya gama babbaƙu ya shiga farfaru an sani a gida. Idan ya kai wata babbar sura a yi tuwon sadaka ko waina a kai makaranta. Da dare uba ya ce ɗauko allonka ka biya mini. Ranar sauka kuwa unguwa duka ta san an yi, a yanka rago, a ɗinka wa malam riga. Malam maƙwabci ne, ana haɗuwa da shi sau biyar a rana a sahu. Yaro bai isa ya yi fashin kwana biyu labari bai kai gida ba. Abin da masana ilimi na yau suke ta rubuta littattafai a kansa, cewa sa idon iyaye yana ɗaga karatun yaro, kakanninmu sun yi shi ba su ba shi suna ba.

Da boko ta zo

Boko ba ta shigo ta wannan ƙofa ba. Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, larduna kuma suka samu elemantare da midil a ƙarƙashin En'e. Manufar Turawa a fili take: a samu 'yan kaɗan da za su riƙe littafin haraji da baitulmali da kotu. Saboda haka 'ya'yan sarakai da na ma'aikatan fada aka fara nema. Ta hannun hakimi da dagaci ake karɓar yara, ba ta hannun uba ba.

A ɗaya gefen, mishan 'yan ƙasar Denmak sun sauka a Numan a 1913 ƙarƙashin likita Niels Bronnum, suka kafa asibiti da makarantu. Musulmi da suka ga boko da coci suna tafiya tare a can, sai tsoro ya ƙaru a nan.

Ga ɗan Bahaushe mazaunin Yola kuwa, akwai ƙarin dalili biyu. Na ɗaya harshe. Jami'in ilimi na Turawa a Yola, F. W. Taylor, ya wallafa nahawun Fulatancin Adamawa a 1921, ya kuma rubuta littattafan karatu, domin Fulatanci ne harshen fada da na gari. Ɗan Bahaushe yana Hausa a gida, Fulatanci a waje, Larabci a allo, ga Turanci yana jiran sa a gaba. Na biyu lissafi. Falke mutum ne mai lissafi. Ya duba ya ga ƙarshen boko aikin En'e ne, aikin En'e kuma na 'yan ƙasa ne masu uwa a gindin murhu. Ɗansa kuwa, idan ya zauna a rumfa shekara biyar ya iya awo da ciniki da bashi, ya san iyayen gida daga nan har Kano. Wanne ya fi? A wancan zamani, wallahi ba za ka ce lissafinsa ya kuskure ba.

Waɗanda suka shiga midil ta Yola an ga inda suka kai. Muhammadu Ribaɗu ya yi karatu a can, ya koyar a can, ya rasu a 1965 yana ministan tsaron Najeriya. Ahmed Joda, wanda ya fito daga zuriyar Modibbo Raji, daga elemantare da midil ta Yola ya tafi Barewa, ya zama ɗaya daga cikin manyan sakatarorin gwamnatin tarayya. Akasarinsu daga gidajen sarauta da na malanta suka fito. Gidajen kasuwanci sun tsaya suna kallo.

Akwai labarin da kowa a Adamawa ya sani domin mai shi ya sha ba da shi da bakinsa. Atiku Abubakar, wanda aka haifa a Jada a 1946, jikan baƙi ne: kakansa na wajen uba daga Wurno ta ƙasar Sakkwato ya zo, na wajen uwa daga Dutse. Mahaifinsa ya ƙi yarda a sa shi boko, har hukuma ta kama shi ta ci shi tara, ya kwana a tsare sai da kakar yaron ta wajen uwa ta biya. Mahaifin ya rasu a 1957, mahaifiyarsa Aisha Kande ta ci gaba da riƙe shi, ya shiga sakandaren lardi ta Yola a 1960, wadda yanzu ake kira Kwalejin Janar Murtala Muhammad. Siyasarsa daban, kowa da ra'ayinsa. Abin lura a nan shi ne hoton zamanin: uba yana ɓoye yaro, ɗan doka yana nema, mata biyu a bayan fage su ne suka ɗauki nauyin.

Ba a Yola kaɗai ba

Abin da ya faru da mu ya faru da zangon Hausawa a wurare da yawa. An kafa Sabo ta Ibadan a 1916. A 1955 gwamnatin Awolowo ta fara ilimin firamare kyauta a Jihar Yamma, 'ya'yan Yarabawa suka cika azuzuwa. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a Sabo a farkon shekarun 1960, ya wallafa littafinsa a 1969, ya nuna yadda mutanen Sabo suka riƙe cinikin shanu da goro ta hanyar amana da harshe da addini, suka bar 'ya'yansu a allo da kasuwa. Tsarin ya yi musu aiki shekaru da dama. Amma da zamani ya juya, ciniki ya koma na banki da takarda da lasisi, wanda ba shi da ɗa mai karatu sai ya ɗauki hayar ɗan wani ya karanta masa.

A Arewa an yi Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, manya da yawa suka koyi karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo. Malam Aminu Kano da abokansa suka tura tsarin Islamiyya mai aji da allon bango, wanda ya zama gada tsakanin karatun biyu. Iyaye da dama da suka ƙi firamare sun yarda da Islamiyya, daga nan 'ya'yansu mata suka fara riƙe fensir.

Shekarar 1976

Abubuwa biyu suka faru a shekara ɗaya. A watan Fabrairu aka ƙirƙiro Jihar Gongola, Yola ta zama babban birni, ma'aikatu suka buɗe suna neman masu takarda. A watan Satumba gwamnatin Obasanjo ta fara UPE, firamare kyauta ga kowa. Nan ne mafi yawan gidajenmu suka fara sa yara boko. A 1981 aka kafa jami'ar fasaha ta tarayya, wadda yanzu take Jami'ar Modibbo Adama. Ga kwalejin horar da malamai ta tarayya a Jimeta. A 1991 aka raba Gongola, aka samu Adamawa da Taraba.

Sai dai kuma shigar ta zo da wani hali da har yau bai bar mu ba. Tun da gwamnati ce ta ce a kawo yara, ita ce ta gina aji, ita ce ta ba da littafi, sai iyaye suka ɗauka karatun nata ne. Allo namu, boko ta gwamnati. Babu kuɗin Laraba, babu tuwon sadaka, babu biya mini da dare. Malamin ma sau da yawa baƙo ne daga wani gari, ba a haɗuwa da shi a masallacin unguwa, kuma uban da bai iya Turanci ba yana jin nauyin shiga ofishin hedimasta. Da kuɗin mai ya ja baya a shekarun 1980, littafi kyauta ya ƙare, kuɗin makaranta ya dawo, sai ya zama babu gwamnati babu iyaye. Rikicin Maitatsine na Jimeta a 1984 ya ƙara dagula lissafi: rayuka sun salwanta, dukiya ta ƙone, gidaje da yawa sai da suka fara daga tushe, kuma inda ake neman na tuwo ba a maganar kuɗin littafi.

'Ya'ya mata nasu ya fi nauyi. Wata masaniya, Enid Schildkrout, ta yi bincike a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa sana'ar matan kulle a kan yara take tsaye: yarinya ce ƙafar uwa, ita ke kai talla, ita ke sayo cefane, daga ribar kuma ake tara kayan ɗaki. Sa yarinya makaranta yana nufin uwa ta rasa jarinta. Wanda bai gane wannan ba zai yi ta zagin uwaye a banza. Amma kada kuma wani ya fake da addini, domin Shehu da kansa ya soki malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuwa ta kafa 'Yan Taru, jajis suna bin ƙauyuka suna karantar da mata.

Inda ake zubewa

Yau kusan kowane gida a Mbamba yana sa yaro firamare. Dokar UBE ta 2004 ma ta wajabta shekara tara, har ƙarshen ƙaramar sakandare. Inda igiya take tsinkewa shi ne babbar sakandare. Yaro ɗan sha biyar ya ga sa'ansa yana jan Keke Napep ko yana tsaron shago a kasuwar Jimeta yana kawo kuɗi kullum. Yarinya an fara sallama da ita a zaure. Kuɗin rajistar jarrabawa ya zo a dunƙule lokaci ɗaya. Sannan a zauna jarrabawa a rasa kiredit biyar har da Turanci, wanda in babu su ƙofar jami'a a rufe take ko an ci JAMB.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman, takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. Tun da tsarin mulkin 1979 ya shigo da rabon muƙamai bisa jiha-jiha, wannan takarda ta zama mabuɗin gurbin karatu da tallafi da aikin gwamnati. Yaron da aka haifi kakansa a Yola yana iya samun kansa a tsakiya, nan a ce masa baƙo, can garin kakanni a ce ba a san shi ba. Wannan ba aikin yaro ba ne, aikin uba ne da mai unguwa, kuma tun yaro yana aji ɗaya na babbar sakandare ya kamata a warware shi, ba ranar da ake rufe fom ba.

Wasu baƙi a wata duniya

Bari mu leƙa nesa mu dawo. Akwai wata ƙabila da ake rubuta sunanta Hmong, ana furta shi Mong, manoman duwatsu ne a ƙasar Lawos. A lokacin yaƙin Biyetnam da yawansu sun yi wa Amurka yaƙi ƙarƙashin Janar Vang Pao. Da 'yan gurguzu suka karɓi mulki a 1975, suka tsallaka kogin Mekong zuwa sansanonin gudun hijira a Tailan, irin su Ban Vinai, daga nan aka kwashe su zuwa Amurka, suka taru a jihohin Minesota da Wiskonsin da Kalifoniya. Rubutun da suka fi amfani da shi a harshensu sai a farkon shekarun 1950 aka tsara shi, saboda haka iyaye da yawa sun sauka Amurka ba su taɓa zama a aji ba.

Malaman makarantu suka yi ta ƙorafin da muka saba ji: iyayen nan ba sa zuwa taro, ba sa duba aikin gida. Su kuma iyayen a ganinsu girmama malami shi ne ka bar masa aikinsa, ga rashin Turanci, ga aikin masana'anta dare da rana. Auren wuri ya fitar da 'yan mata da yawa daga sakandare. Kun ji kamar labarinmu ko?

Abin da suka yi shi ne suka juya abin da suke da shi. Suna da dangogi goma sha takwas masu shugabanni, sai dangi ya shiga maganar karatu. Yayye suka zama malaman ƙanne. Wanda ya gama makaranta a tara dangi a yi masa biki, dattawa su ɗaura masa zare a wuyan hannu suna sa albarka, ƙanana suna kallo. A birnin Sent Pol suka kafa makarantu nasu, suka kuma sa aka fara koyar da harshensu a makarantun gwamnati. A 2002 Mee Moua, wadda aka haifa a Lawos ta yi ƙuruciya a sansanin gudun hijira, lauya, ta ci zaɓen majalisar dattawan jihar Minesota. Shekara ashirin da bakwai ke nan daga tsallaka kogi. Har yau suna da masu faɗuwa da masu barin makaranta, amma iyayen da ba su iya karanta katin sakamako ba sun nuna cewa akwai abin yi ban da karantawa.

Darasi biyu na kusa

A ƙarshen Oktoba na 2014 Boko Haram suka kama Mubi, jama'a suka kwararo Yola. Wasu suka zauna a sansanonin Malkohi da Damare da Fufore, mafi yawa a gidajen 'yan'uwa da na bayin Allah. Mun ga uwayen da suka baro komai, amma da suka sami wurin kwana abin da suka fara tambaya shi ne ina makaranta. A 2020 kuma cutar korona ta rufe makarantu wata da watanni. Babu malami babu hedimasta, gida ne kaɗai ya rage. Da aka koma, malamai ba su sha wahalar gane gidan da aka buɗe littafi da wanda ba a buɗe ba.

To, ina muka dosa?

Tarihin nan bai nuna cewa Bahaushen zango ba ya son ilimi ba. Ya nuna cewa inda ya ɗauki karatu nasa ne, yana tsayawa a kai da kuɗinsa da lokacinsa, inda kuma ya ɗauka na hukuma ne sai ya sa ido daga nesa. Lissafin falken 1930 ya yi daidai da zamaninsa. Yau kuwa ita kanta kasuwar ta koma waya da banki da takardar kwastan, mai shago yana neman wanda zai riƙe masa lissafi a kwamfuta. Jikan falke da ya tsaya a kan lissafin kakansa, falken da kansa zai yi masa faɗa.

Abin da ake nema ba ya buƙatar Turanci. Alhaji, ka san sunan malamin ajin ɗanka da lambar wayarsa, ka taka ka gaishe shi sau ɗaya a zangon karatu kamar yadda kake gaishe da malamin allo. Idan katin sakamako ya zo, a kira wani ya karanta maka a gaban yaron. Taron iyaye da malamai ba na 'yan boko ba ne, a yi magana da Hausa ko Fulatanci, babu wanda zai hana. Hajiya, tsakanin magariba da isha a ajiye faranti da waya, a ba yarinya fitila da awa ɗaya. Adashin da ake yi na biki, a yi irinsa na kuɗin jarrabawa tun yaro yana aji huɗu, kada a jira aji shida. Idan an zo neman aure, a sa ƙarasa karatu cikin sharaɗi a gaban waliyyai da shaidu. Samarinmu da ke Jami'ar Modibbo Adama da kwalejoji, ku ba ƙannenku yammacin Asabar a zauren mai unguwa, lissafi da Turanci kawai. Sannan yadda muke walimar sauka, wanda ya fito da sakamako mai kyau a ambace shi a gaban jama'a, a sa masa albarka, ƙanana su gani.

Kada kuma a ce sai an saki allo kafin a kama wannan. Gidajen malaman Yola sun riƙe biyun tun zamanin midil, ba su rasa ko ɗaya ba.

Kakanninmu sun taka daga Kano da Katsina zuwa bakin Binuwai da jaki da sanda domin 'ya'yansu su fi su. Mu abin da ya rage mana daga ƙofar gida ne zuwa ƙofar makaranta. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba su ilimi mai amfani, amin.